Kwana Tara a Ikko Tsakanin Asibitocin Ido

Da la'asar na shiga doguwar motar dare a Sabon Garin Kano. Muka bi ta Zariya da Kaduna da Abuja, muka haye kogin Kwara a kusa da Lokoja da tsakar dare, asuba ta riske mu a ƙasar Ondo, rana ta take kafin mu sauka a Berger, bakin Legas. Daga nan danfo ta ɗauke ni ta Ogba zuwa Agege, inda Kawuna ya shekara fiye da talatin yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba. Ido ne ya kawo ni. Aikina ke nan a gida, jinyar ido da taimaka wa likita a ɗakin tiyata. Kawu ya bugo waya ya ce idonsa na dama ya rufe, ɗansa kuma ya matsa lamba sai an yi masa aikin leza ya rabu da tabarau, shi kuwa ba ya son a taɓa idon kowa cikinsu sai da na gida a kusa.

Wanda ya shiga Zangon Agege sai ya manta a kudu yake. Mai shayi Bahaushe, mai yankan farce Bahaushe, kiran salla ta ko'ina, ga ƙamshin burodin Agege da ake sauke wa masu talla tun da duku-duku. Bayan an ci tuwo an yi isha'i na ciro 'yar tocila na ce Kawu ya zauna ya fuskance ni.

Idon dama ya yi abin da na zata, yanar ido ce. Tsakiyar baƙin idon, inda ya kamata a ga baƙi wuluk, ta koma ruwan ƙasa mai duhu kamar ruwan goro. Ba ya iya ƙirga yatsu, amma da na haska masa daga sama da ƙasa da dama da hagu ya nuna min inda hasken yake fitowa ba kuskure, ƙwayar idon kuma ta tsuke nan take. Waɗannan alamu biyu su ne farkon abin da ake nema, domin suna nuna jijiyar gani da shimfiɗar bayan ido, wadda haske ke sauka a kanta, suna da rai. Idon hagu ne ya sa jikina ya yi sanyi. Shekara takwas da suka wuce, da ya je gida, wani mai yawo ƙauye-ƙauye ya soka masa tsinke ya tura yanar ta faɗa cikin ido. Ya ga haske na 'yan watanni, daga baya ciwon kai da jan ido suka biyo baya, yanzu ko hasken tocila ba ya gani da shi. Wannan ba baƙon labari ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, yana ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na makantar, kuma fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana da tsinke aka tura su, kusan uku cikin huɗunsu kuwa sun ƙare a makance.

Kawu ya ce, “Ɗana, wannan karon na leza nake so. An ce ba yanka, da haske ake kankare yanar.”

Na ce, “Kawu, yana ba a saman ido take ba balle a kankare ta.” Sunan ne yake ruɗar mutane, don idan aka ce yana sai hankali ya tafi kan yanar madara ko ta kunu. A cikin ido, bayan baƙin, akwai wani madubi mai kamar ƙwayar wake, garai-garai, yana zaune cikin 'yar jaka siririya. Shi ne yake dusashewa da tsufa, ko ciwon suga, ko bugu, ko yawan ɗiga maganin sitiroyid. Babu ɗigo ko ƙwaya ko haske da ke mayar da shi garau. Cire shi ake yi, a bar jakar, a saka na roba a madadinsa. Likitan Ingila Harold Ridley ne ya fara saka irin wannan madubi a Landan a 1949. Abin da jama'a ke kira aikin leza a yana, galibi feko ne, wanda Charles Kelman ya fito da shi a Amurka a 1967, kuma da girgizar sauti yake farfasa yanar ya zuƙe ta, ba da haske ba.

Washegari muka nufi Ikeja, wadda ba ta da nisa da Agege in ba cunkoso. Legas na da wuraren ido da dama: akwai Cibiyar Ido ta Guinness a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai sashen ido na LASUTH a Ikeja, ga kuma asibitoci masu zaman kansu a Ikeja da tsibiri da Lekki. Mu wani mai zaman kansa muka je, saboda kusa ne, kuma za a riƙa komawa. Wannan lissafin na kusanci mutane suna raina shi. Aikin minti ashirin ne, amma komawa dubiya aƙalla sau uku ce: washegari, bayan mako, bayan wata guda ko mako shida.

Wuni guda cur muka yi a kan awo, kuma a ganina nan ne ake cin nasarar aiki ko a faɗi. An auna ƙarfin ruwan ido, ya nuna 16, cikin iyakar lafiya ta 10 zuwa 21. An ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, aka jira rabin awa. Da yake yanar ta toshe hanya ba a hango bayan idon, sai aka ɗora masa na'urar hoton sauti a kan fatar ido, aka ga shimfiɗar baya tana manne a wurinta. Sai babban awo, na ƙarfin madubin da za a saka. Ana auna tsawon ido daga gaba zuwa baya da kuma lanƙwasar koniya, wato fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido. Idon Kawu ya nuna milimita 23.4, lissafi ya ba da madubi mai ƙarfin dayofta 21.5 (dayofta ita ce ma'aunin ƙarfin madubi da tabarau). Kuskuren milimita ɗaya tak a wannan awo yana jawo kuskuren dayofta biyu da rabi zuwa uku a gani, wato mutum ya fito daga aiki lafiya amma sai da tabarau mai kauri. Na'urar da ke awo da haske ta fi daidai, sai dai ba ta ratsa yana mai duhu irin ta Kawu, dole aka koma ta sauti wadda ake taɓa ido da bakinta. Idan mai awon ya danna da ƙarfi sai idon ya lotsa, tsawon ya ragu, lissafi ya karkace. Na lura matar da ta yi awon ta maimaita sau goma, ta zubar da waɗanda suka yi nisa da sauran. Hankalina ya kwanta da wurin tun daga nan.

Likitan ya yi tambayoyin da ya kamata. Suga? An gwada, lafiya. Hawan jini? Akwai, yana shan magani, aka ce ya sha har safiyar aiki. Tari? Babu. Sai ya tambaya ko yana shan maganin wahalar fitsari na dattawa. Kawu ya yi shiru don kunya, ni na amsa masa, domin na ga kwalin tamsulosin a ɗakinsa. Wannan magani yana saki naman baƙin ido ya riƙa lilo yana biyo wuƙa a lokacin aiki, ko da an daina shansa da daɗewa. Likitan da ya sani tun farko yana shirya ƙugiyoyin riƙe shi. Wanda aka ɓoye wa, a tsakiyar aiki zai gamu da shi.

Daga nan aka zo zaɓi. Feko ƙofarsa ƙarama ce, milimita 2.2 zuwa 2.8, ana naɗe madubin a tura shi ya buɗe a ciki, ido yana saurin washewa. Amma yana mai tauri kamar dutse tana cin ƙarfin na'ura da yawa, zafin da girgizar kuma suna kashe ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bayan koniya, waɗanda aikinsu tsotse ruwa don ta zauna garau. Ƙwayoyin nan ba sa sake tsirowa. Idan suka ƙare koniya ta kumbura ta yi fari, sai dashe. Ɗaya hanyar, wadda ake kira SICS, ana yin rami mai faɗin milimita 6 zuwa 7 a farin ido ƙarƙashin fatar sama, a fito da yanar ɗungurungum, ramin ya rufe kansa ba ɗinki. Ta fi arha, kuma ga irin yanar Kawu, a ido ɗaya tilo da ya rage masa, ta fi aminci. Likitan bai ɓoye ba, duk da feko ya fi kawo wa asibitin kuɗi. A kan madubi ma ya ba da shawarar mai saiti ɗaya, na hangen nesa, a haɗa da tabarau na karatu. Akwai mai saiti da yawa da ke rage buƙatar tabarau, amma yana raba haske, yana sa a ga zobe kewaye da fitila da dare, ga tsada. Akwai kuma mai gyara karkatar koniya, wanda Kawu ba ya buƙata.

Da muka fito ƙwayar idonsa a buɗe take, ranar Ikeja ta dame shi har sai da na saya masa baƙin gilashi a bakin titi. Maganin buɗewa yana ɗaukar awa huɗu zuwa shida kafin ya sake. Duk mai zuwa gwajin ido kada ya tuƙo kansa.

Kwana na uku na ɗan Kawu ne. Shekararsa 24, yana gyaran waya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, tabaransa -7.00 ne a kowane ido, ba ya gane fuskar mutum daga taku uku in ya cire. Muka hau jirgin ƙasan jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga tashar Agege zuwa Oyingbo, sannan mota ta haye da mu tsibiri. A hanya yake nuna min bidiyon masu cewa minti goma an gama, an jefar da tabarau. Gaskiya ne minti goma ne. Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne ba kowace koniya ke ɗaukar aikin ba.

Leza ba ta ƙara wa ido komai, sassaƙa take yi. Mai gajeren gani idonsa ya yi tsawo, haske yana haɗuwa kafin ya kai shimfiɗar baya, don haka ake fafe tsakiyar koniya ta baje. Kaurin koniya a tsakiya kusan maikron 540 ne, rabin milimita da 'yan kai. Kowace dayofta ɗaya tana cin maikron 12 zuwa 15. A hanyar da ake kira LASIK ana fara ɗaga wani marfi mai kaurin maikron 100 zuwa 120, a sassaƙa ƙarƙashinsa, a mayar da shi ya kwanta. Marfin nan ba ya sake ɗaukar nauyi kamar da, saboda haka abin da ke riƙe da ido shi ne gindin da ya rage, kuma ba a so ya gaza maikron 250, likitoci da yawa ma sai 300 suke yarda. A PRK babu marfi: ana goge fatar sama mai kaurin maikron 50, a sassaƙa kai tsaye, a rufe da gilashin liƙawa, wato wanda ake ɗorawa a kan baƙin ido, kwana huɗu ko biyar har fatar ta tsiro. Kwana biyu zuwa uku na farko akwai raɗaɗi da hawaye sosai, gani kuma yana ɗaukar makonni kafin ya zauna, amma ya fi barin kauri, kuma babu marfin da bugu zai iya gusarwa. Idan lambar ta yi yawa yana iya barin hazo a koniya, shi ya sa ake shafa maganin mitomaisin na 'yan daƙiƙoƙi. Sai SMILE, inda leza ke yanko wani faifai a cikin naman koniya a zaro shi ta ƙofar milimita 2 zuwa 4.

Aka ɗora haɓarsa a na'urar da ke zana taswirar koniya da launuka. Kauri ya nuna 498 a dama, 489 a hagu. Likitar ta jawo takarda ta yi lissafin a gabansa: marfi 110, sassaƙa wajen 100, abin da zai rage a dama 288, a hagu bai kai 280 ba. Wannan kaɗai ya isa a yi taka-tsantsan. Sai ta juyo da allon ta nuna mana taswirar hagu. Maimakon launi ya bazu daidai, akwai wani jan tabo ƙasa da tsakiya, alamar wurin ya fi tudu kuma ya fi siranta. Ta tambaye shi ko yana da ƙaiƙayin ido tun yana yaro. Ya ce har farin idonsa ya yi ruwan ƙasa, kuma har yanzu yana murza shi da ƙashin yatsa in ya gaji. Ta ce ba za ta yi masa leza ba, ko wace iri.

Ransa ya ɓaci, ya ce da ni, “Yaya, mu gwada wani wurin mana.” Na ce masa za a iya samun wanda zai karɓi kuɗin, kuma shi ne abin tsoron. Wannan tabo farkon keratokonus ne, ciwon da koniya ke laushi ta tsiro gaba kamar kan tulu. Idan aka ƙara fafe ta, bayan wata shida ko shekara biyu sai ta bulluƙo, gani ya karkace yadda tabarau ba ya gyarawa, wani lokaci har sai an kai ga dashen koniya. Yaran arewa masu ƙaiƙayin ido na bazara suna da yawa, kuma murza ido na daga manyan abubuwan da ke tura wannan ciwo gaba. Duk wurin da zai yi maka leza bai zana taswirar nan ba, tashi ka ba su wuri.

Ba ta sallame shi hannu rabbana ba. Ta rubuta masa maganin ƙaiƙayi, ta hana shi murza ido, ta ce ya dawo bayan wata shida a sake taswira. Idan tudun yana ƙaruwa za a yi masa aikin ƙarfafa koniya: a jiƙa ta da ribofilabin, wato bitamin B2, a haska mata wani haske na musamman, zaruruwanta su ɗaure da juna. Ba ya cire tabarau, tsayar da ciwon yake yi, kuma yana buƙatar kaurin kusan maikron 400, don haka jinkiri na iya rufe ƙofarsa. Idan kuwa idon ya tsaya cak, akwai ICL, siririn madubi da ake sakawa bayan baƙin ido a gaban madubin halitta, ba a taɓa koniya. Shi ma da sharuɗɗansa: zurfin ɗakin gaban ido ya kai milimita 2.8 zuwa 3, ƙwayoyin bayan koniya su wadata, girman madubin ya dace. In ya yi ƙanƙanta ya kwanta kan madubin halitta yana iya jawo yana, in ya yi girma yana iya ta da ƙarfin ruwan ido.

Ga wanda koniyarsa ta ci jarrabawa, sauran sharuɗɗan ba su da wuyar riƙewa. Shekara 18 zuwa sama, lambar tabarau ta tsaya shekara guda ba ta motsa ba, ba mai ciki ko shayarwa ba. Mai sa gilashin liƙawa ya cire mai laushi mako ɗaya zuwa biyu kafin awo, mai tauri mako uku zuwa huɗu, don yana sauya siffar koniya. Abin da na fi jan kunnen mutanenmu a kai shi ne bushewar ido. LASIK yana yanke jijiyoyin da ke sanar da ido ya yi hawaye, sai su ɗauki wata uku zuwa shida suna farfaɗowa. A danshin Legas mutum ba zai ji sosai ba, amma ya koma Kano ko Sakkwato cikin hunturu, ya hau babur, zai ji kamar an zuba masa yashi. Direban dare ya sani cewa zai iya ganin zobe kewaye da fitilun mota, musamman watannin farko. Wanda ya haura arba'in kuma ya sani leza ba ta hana tabarau na karatu, don wannan tsufan madubin ciki ne. Tsawon idon ma yana nan yadda yake, saboda haka haɗarin ɓallewar shimfiɗar baya ga mai babbar lamba bai gushe ba.

Muka dawo ta gadar Third Mainland, kusan kilomita goma sha biyu a kan ruwa, gidajen Makoko a kan turaku daga gefe, yaron bai ce uffan ba har Oshodi.

Ranar aikin Kawu an bar ni na kalla ta allon da ke ɗakin kusa. An yi masa allurar kashe zafi a gefen ido, yana farke yana jin magana. An wanke fata da aidin, an ɗiga mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari a cikin idon aka bar shi minti uku, kuma wannan mataki mai arha shi ne babban garkuwa daga ƙwayar cuta. Aka rufe fuska, aka manne gashin ido, aka buɗe ramin. Likitan ya zuba shuɗin rini don jakar ta fito fili, ya yage gabanta a zagaye kamar bakin ƙwarya, ya kewaya da ruwa ya kwance yanar, ya cika ido da wani ruwa mai yauƙi don kare bayan koniya, sannan ya zamo da ita waje. Ta fito baƙa-baƙa, da girman ƙwayar gurjiya. Wurin da ake riƙe numfashi shi ne wanke ragowar, domin bayan jakar ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba. In ya yage, ruwan kaurin da ke bayan ido ya biyo, dole a tsaya a yanke shi a sake wa madubi wurin zama. Bai yage ba. Madubi ya shiga jaka ya zauna tsakiya, aka zuba maganin kashe ƙwayar cuta a ciki, aka rufe. Minti goma sha takwas.

Washegari da aka cire bandeji ya daɗe yana ƙifta ido. Ya kalli hannunsa, ya juya shi, sai ya ciro hularsa ya riƙe ta nesa kaɗan. Ya ce da matarsa, “Hajiya, yaushe hular nan ta zama shuɗiya?” Shekaru yana ɗaukar ta ruwan toka. Yana mai ruwan ƙasa tana tare shuɗin haske, shi ya sa duniya ke yi wa mutum shuɗi-shuɗi a kwanakin farko. Ya karanta layi na huɗu a allon gwaji, ƙarfin ruwan ido 18.

A gida na zaunar da Hajiya, don ita ce za ta riƙe aikin bayan na tafi. Kwalba biyu ce, ta kashe ƙwayar cuta da ta sitiroyid mai kwantar da kumburi. A wanke hannu, a ja fatar ƙasa, ɗigo ɗaya ya isa, bakin kwalba kada ya taɓa ido ko gashinsa, a bar minti biyar tsakanin kwalba da kwalba don kada na biyu ya wanke na farko. Sitiroyid ana rage shi mako-mako yadda aka rubuta har mako huɗu zuwa shida. Ba a yanke shi farat ɗaya, ba a kuma sayo wata kwalbar a kemis a ci gaba don an ji daɗinsa, saboda yana ta da ƙarfin ruwan ido a ɓoye. Murfin roba a kan ido duk dare na mako guda. Ruwa kada ya shiga idon a makon farko, a alwala a kiyaye gefen. Ba kwalli, ba tozali, ba zuwa mayanka cikin ƙura da ƙuda sai bayan mako biyu. Na maimaita mata abu ɗaya sau uku: in ciwo ya ƙaru, ido ya ƙara ja, gani ya ragu bayan ya washe, musamman tsakanin kwana biyu da bakwai, a tafi asibiti a wannan sa'ar ko da tsakar dare ne. Ƙwayar cuta a cikin ido ba ta cika faruwa ba, wajen ɗaya cikin dubu ne ko ƙasa da haka, amma kwana ɗaya ya ishe ta cinye ido. Na kuma gaya musu in bayan shekara ɗaya ko biyu gani ya sake yin hazo, ba yanar ce ta dawo ba, bayan jakar ne ya dusashe, kuma a nan ne leza ta gaskiya take aiki: YAG, minti biyar a zaune, ba yanka.

Labari ya bazu a Zango, bayan magariba sai ga mutane a ƙofar gida. Wani dattijo mai gadi ya zo da ledar kwalabe, ya ce a kai shi inda aka kai Alhaji. Idonsa garau ba yana, amma sai ya juya kai gaba ɗaya kafin ya ga wanda ke gefensa. Takardarsa ta nuna gilakoma, wadda muke kira hawan jinin ido ko da yake ba jini ba ne, ruwan cikin ido ne ke rasa mafita ya danne jijiyar gani. Ita ce ta biyu wajen jawo makanta a binciken ƙasa da na ambata, da kashi 16.7 cikin ɗari. Na gaya masa gaskiya: aikinta ba irin na Kawu ba ne. Ko leza ta SLT da ke buɗe magudanar, ko tiyatar da ake yi wa ruwan sabuwar ƙofa ƙarƙashin fatar ido, duk tsare abin da ya rage suke yi, wanda ya tafi ya tafi. Jikin baƙar fata kuma yana saurin yin tabo ya toshe ƙofar, shi ya sa ake haɗawa da mitomaisin a riƙa bibiya. Ya ce an ba shi shawarar aiki bara ya ƙi, don wani ya yi bai ga ƙari ba. Na roƙe shi ya koma, ya kuma tura 'ya'yansa da ƙannensa a auna su, don tana bin jini.

Wani kuma direban tirela ne da ke kawo tumatir Mile 12. Mako biyu da suka wuce ya ga walƙiya da baƙaƙen ɗigo, sai wani labule ya taso daga gefe. Shimfiɗar bayan idonsa ce ta ɓalle, an yi masa aiki an cika idon da iskar gas don ta danne ta. Yana neman kuɗin jirgi ya koma gida ya yi jinya. Na ce kada ya kuskura. Gas ɗin yana kumbura idan aka yi sama, ƙarfin ido ya haura ya toshe jini, mutum ya sauka a makance. Wani irin yana ɗaukar kusan mako biyu kafin ya tsotse, wani har mako shida zuwa takwas. Ko ta mota, hawan tudu irin na Jos sai da izinin likitansa. Na tambaye shi wane iri aka sa masa, bai sani ba, sai muka duba takardar sallamarsa da tocila, muka ga mai daɗewar ne.

Da yawa cikin waɗanda suka zo suna da iyaye a gida masu yana, suna tara kuɗin kawo su Legas. Na ce musu Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makkah suna Kano, aikin yana kullum ake yin sa a can, kuma tsoho ya fi samun mai ɗiga masa magani a ɗakinsa. Abin da zai sa a yi doguwar tafiya shi ne irin taswirar koniya da leza da wasu ayyukan bayan ido, su ma a fara tambaya a kusa. In an zo, a nemi a rubuta kuɗin dalla-dalla, awo da madubi da magani da komawa dubiya, a kuma karɓi katin madubin da aka saka a adana.

Ranar kwana na tara muka koma Ikeja dubiya ta biyu. Ramin ya kama, kumburi ya sauka, ƙarfin ruwan ido 15, aka rage sitiroyid zuwa sau uku a rana, aka ba shi ranar gwajin tabarau bayan mako biyar. Na rubuta wa Hajiya jadawalin ɗigo da ajami a bayan kalanda, na sa wa yaron ranar komawarsa taswira a wayarsa. Da la'asar Kawu ya rako ni har gadar Pen Cinema da baƙin gilashinsa, ba wanda ya riƙe masa hannu, shi ya karanto min rubutun gaban danfon da za ta kai ni tasha.